Gurbin Amshi

Daren Alhamis, in an sallame isha'i,
nakan rufe shagon gyaran agogo a Tudun Wada,
in tsallake gadar Kubanni a ƙafa
zuwa bayan tashar jirgi a Sabon Gari,
inda tsire da shayi ke gardamar ƙamshi.

Can Baba Cindo yake zama kan buhu ninki biyu.
Gurminsa ya girmi rabin masu sauraro,
ƙoƙon ya tsage an like da ƙaro,
fatar ta yi baƙi da gumin yatsa,
amma in ya taɓa tsirkiya sai ta yi nishi.

Ba ya wasa mai kuɗi, ba ya kirarin kowa.
Labari yake ja kamar mai jan guga:
zamanin da yake loda auduga a tarago,
da akuyar da ta hau jirgin Gusau ba tikiti,
ta sauka Funtuwa ta haifi 'yan biyu,
ta ƙi komowa don ta ga dusa ta fi araha.
Har gobe, in ji shi, reluwe na bin ta bashi.

Mu kwashe da dariya,
Mato mai shayi ya tsiyaye madara a ƙasa,
'yan acaɓa su kashe inji su jingina,
wanda ya zo sayen ƙwai ya manta da tashi.

Sai dai akwai wani abu.
Duk ɗan waƙar da ya kai gaɓa
sai ya ɗauke murya, ya karkata kai hagu,
yatsa na tafiya, baki a rufe.
Ni mai cin abinci da daƙiƙa na auna:
huɗu cif, ba ragi.
Baƙo kan ce tsufa ne ya kama shi.

Mu mun san na Barmo ne.
Shekara talatin da ɗaya yana hagunsa,
yana cafe ƙarshen magana kafin ta faɗi ƙasa.
Damina uku ke nan da aka kai shi makwanci.
Cindo bai nemi wani ba,
bai kuma toshe gurbin amshi.

Wani ɗalibi daga Samaru ya ɗauka a waya,
ya ce in an yanke shirun za ta fi tafiya.
Tsohon ya kurɓi shayi, ya dube shi:
"Yaro, nama ka gani, za ka zare ƙashi."

Makon jiya ruwa ya kori mutane.
Mu tara muka rage a rumfar kwano,
yayyafi na kiɗan kansa a bisa.
Ya ɗauko ta jirgin dare, wadda ba a dariya,
ta uwar da ke kai tuwo tasha kullum
ko ɗanta zai sauko da yunwa.
Ya kai gaɓa. Ya karkata.
Ban san na buɗe baki ba, wallahi,
sai na ji muryata, gwangwani a kan dutse,
ta faɗa ramin da kowa ke kewaye shi.

Gurmi ya tsaya. Mato ya ajiye ludayi.
Na so ƙasa ta tsage in shige.
Ya daɗe yana kallona a hasken aci-balbal,
ban ga godiya ba, ban kuma ga haushi.

"Ka yi gaggawa," ya ce.
"Barmo yakan bari in haɗiye yawu."
Ya gyara zama, ya matsa dama kaɗan,
har gefen buhun ya fito fili,
ya koma farkon ɗan waƙar a tausashe.
Na ƙirga ɗaya, na bar ta ta wuce,
na shiga a ta biyu, da rawar murya da gumi,
ya gyaɗa kai, ko gurmi ya gyaɗa shi.

Shekara ashirin ina hana agogo latti.
Ga ni kan gada, takalmi a hannu,
Kubanni ta cika tana tafiya da kara,
ina koyon makara da daƙiƙa guda,
ina rera rabin wani mutum
da ban taɓa yi wa gaisuwar kirki ba
sai bayan rashi.